Karan da Jaki Ya Ci

Ni na yanke sakatar nan, ba Yaya ba. Na fara da wannan ne domin har yau akwai tsofaffi a yankin Dungas da ke cewa 'yan gidan azara ne suka yi kuskure, sai ka ce mu biyu muka riƙe gatarin. Ni kaɗai na riƙe shi, kuma an hana ni, ban hanu ba.

Sana'ar gidanmu faskaren giginya ce. Ba ma gini. Namu shi ne mu kayar da giginya a korama, mu tsaga ta, mu fitar da azarar rufin soro da allunan ƙyaure da sakata, a zo a ɗauka a kai inda magini ke jira. Sau da yawa ba ma ganin ɗakin da itacenmu zai hau. Namijin giginya muke nema, tsoho, wanda gindinsa ya yi baƙi, domin shi ne gara ba ta iya wa. A kafa turakun ƙirya a tsaga, a bi su da guduma tun safe har ya buɗe, a ƙwaƙule tsakiyar mai laushi a yar. Tsiyar giginya ita ce tsinkayenta, baƙaƙe kamar allura, su shige tafin hannu su karye a ciki. Akwai waɗanda suka shiga hannuna tun ina saurayi, da su za a binne ni.

Tunda ba ma ganin ginin, da kara muke aiki. Magini zai sami dogon karan dawa, ya gwada wurin, ya yanke daidai, sannan ya ƙona bakinsa biyu a wuta ya aiko mana. Idan kara ya iso da baƙi a kai da gindi, mun san bai ragu a hanya ba. Idan baki ɗaya ya zo fari, ba a taɓa gatari, sai a mayar a sake gwadawa. Haka muka taras ana yi. Mahaifinmu kuma ya ƙara da nasa: bai taɓa ɗaukar gizago zuwa ƙofar mai aiki don ya rage wani abu a can ba. Duk abin da ya bar gidanmu ya gama, sai dai a ɗora. Da ya rasu, Yaya ya gaji haƙurinsa, ni na gaji girman kan.

A shekarun nan, kafin Nasara su iso, Damagaram da Kano ba sa ga maciji, mu kuwa muna tsakani. Da an gama kaka sai hari. Ba ka sanin mutanen wane sarki ne, su ma ba sa tsayawa su faɗa maka. Na taɓa kai azara hanyar Kwaya na bi ta wani ƙauye washegarin da aka buge shi. Rumbuna na ta hayaƙi, ga wani tsoho a bakin rijiya an raba masa kai, igiyar guga tana hannunsa, ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, kasuwarmu ta buɗe, domin kowane gari yana son ganuwa, kowace ganuwa kuma tana son ƙofa.

Garin da aka kai ƙanwarmu aure yana hanyar Magariya, tafiyar yini guda daga gidanmu. Su ma sun tayar da ganuwa, mun riga mun kai musu allunan ƙyaure an kafa. Saura sakata, wato ƙaton itacen da ake gittawa a bayan ƙyaure, bakinsa biyu su shige ramuka a jikin bango, da kuma azarar rufin zauren ƙofar. Mijin ƙanwar tamu ne ya zo da karan sakatar. Mutumin kirki ne, amma ko a tsaye ka bar shi sai ya yi barci.

Yaya ya karɓi karan ya juya shi. Ya dubi gindi, ya dubi kai.

“Wannan bakin fari ne,” in ji shi. “Har da yawu.”

“Jakin ne, Yaya. Na ɗaure masa shi a gefe, na ɗan kishingiɗa a gindin gawo, kafin in farka ya juyo da wuya. Amma kaɗan ya ci, wallahi bai kai taƙi ba.”

“Da idonka ka gani?”

“Barci nake.”

“To ka koma a sake gwadawa.”

Sai surukin namu ya dafe kai. Ya ce shekaranjiya makiyaya sun ga sawun dawaki da yawa a kudu da su, ƙofa kuwa da ƙaya suke toshe ta, ga ƙanwarmu da tsohon ciki, ko gudu ba ta iyawa. Idan ya koma ya dawo, kwana biyu sun tafi. Sai Yaya ya ce to mu kai itacen da tsawonsa, a gwada a jikin ƙofar, a rage a can.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, “Mu saɓa gizago mu je ƙofar mutane muna sassaƙa kamar 'yan koyo, mata na leƙenmu? Baba bai taɓa yi ba.”

“Baba bai taɓa yanka a kan farin kara ba kuma,” in ji Yaya.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙona ni. Ya tashi ya tafi korama shi da surukin namu su ɗaure azarar rufin. Itace ɗaya tak muke da shi da ya isa sakatar gari, gindin wani namijin giginya da ya shekara biyu yana bushewa a inuwa, idan ka buga shi sai ya yi ƙara kamar ƙarfe. Na shimfiɗa karan a kansa. Na dubi yadda karan ke siracewa zuwa sama, na ce a raina ai idona ma ma'auni ne, na ƙara taƙi ɗaya da yatsu biyu, na ja layi da gawayi, na ɗauki gatari. Kafin su dawo na datse shi, na gyara baki, na naɗe shi da ɗanyar fata don kada ya tsage.

Yaya ya tsaya a kansa ya daɗe. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, “Allah ya sa ya kai.” Da safe muna ɗora wa jakai kaya na ga ya zura gizago a burgaminsa. Na yi dariya na tambaye shi ko gizagon nasa yana ƙara tsawo ne. Ya kora jakai gaba.

Mun isa da la'asar. Zauren ƙofar cike yake da tubali, saboda haka muka zube azarar rufin a waje, a gindin ganuwa, muka shiga da sakatar kaɗai. Gari duk ya fito kallo. Maginin nasu wani gajeren tsoho ne mai kaifin baki. Ya sa aka rufe ƙyauren, mu huɗu muka ɗaga itacen muka zura shi a ramin hagu, muka jawo shi dama. Bai kai ba. Muka raba shi tsakani, ya kama yatsu uku nan, yatsu uku can, a bakin ƙasar da yaro ma zai iya ɓantarewa da ƙafa. Jakin nan kusan kamu guda ya ci.

“Ina karana?” in ji tsohon.

Surukinmu ya miƙa masa. Ya dubi farin bakin, ya dube mu.

“Wane ɗan banza ne ya yanka a kan wannan?”

Na ce ni ne. Ban rufe baki ba ya zabga mini karan a fuska, ya karye a kan hancina. Ban san lokacin da na shaƙe shi na haɗa shi da bango ba, tsoho sa'an ubana, har idanunsa suka firfito. Samarin garin suka rufe ni da gora. Na ji ɗaya a ƙeya, na ji ɗaya a haƙarƙari, na faɗi ina harbi da ƙafa ina zagin iyayensu. Yaya ne ya kwanta a kaina. Gorar da aka yi niyyar fasa mini kai da ita, a goshinsa ta sauka. Ya miƙe jini na bin gemunsa, ya durƙusa gaban maginin ya ce, “Baba, a yi haƙuri. Laifinmu ne.”

Laifinmu, in ji shi. A lokacin na ji haushinsa fiye da na masu dukan.

Tsohon ya yi tari ya tofar, ya ce a tura itacen gaba ɗaya cikin ramin hagu, shi zai gina tudun tubali a dama ya tare bakin da ya rage a fili. Amma sai ya sami rana kwana uku kafin ya yi ƙarfi. Mu kuma gobe mu tafi mu nemo wata sakatar. Kafin magariba ya gina shi. Ƙanwarmu ta wanke wa Yaya goshi tana kuka, ni kuwa ta ajiye mini tuwo ta juya mini baya.

Washegari da hantsi muna ɗaura wa jakai akumari sai muka ji kururuwa daga wajen rijiya, wadda ke bayan ganuwa. Na leƙa ta ƙofa. Mata na gudowa sun watsar da tuluna, dawaki na bin su, bayan dawakin kuma ga dakaru da yawa da garkuwa. Wata mai goyo ta kusa isowa, wani mahayi ya sunkuyo ya damƙi gashinta ya ja ta a ƙasa. Surukinmu ya fita da gudu da mashi zai tare shi. Taku goma ya yi, kibiya ta shiga maƙogwaronsa ta fito ta baya, ya zauna daɓas, yana ta laluben wuyansa. Muna kallonsa aka rufe ƙyauren, da sauran mata biyu a waje suna dukansa da tafin hannu suna kiran sunayen mazajensu.

Muka gitta sakatar. Na taɓa tudun tubalin, yatsana ya nutse.

Da farko kibau suka yi ta aikowa ta saman ganuwa, maharban garin na mayarwa. Suna da bindiga biyu ko uku, ƙara kawai suke yi da hayaƙi. Sai muka ji shiru na ɗan lokaci, sannan muka ji ana ƙirga ɗaya, biyu, da murya ɗaya. Abin da ya bugi ƙyauren sai da haƙorana suka haɗu. Na san wannan ƙarar. Azararmu ce, wadda muka zube a gindin ganuwa. Sun zaɓi babbar cikinsu, wadda ni na faskare da hannuna, sun ɗauke ta mutum takwas.

A bugu na uku tudun tubalin ya kumbura. A na huɗu ya zube kamar tuwon da bai nuna ba. Bakin sakatar ya sauka a fili, ƙyauren ya buɗe misalin taƙi guda, na ga idon mutum ta tsagar. A bayanmu kuwa duk matan garin da yara ne, har da ƙanwarmu, babu wata ƙofar da za su bi. Idan ƙyauren nan ya buɗe, kafin azahar maza suna ƙasa, mata suna cikin igiya.

Yaya ya zura hannu a burgaminsa. Ya jefo mini gizagon, ya tsallake ɓaraguzan tubalin, ya zura hannunsa na dama cikin ramin bangon har kafaɗa, ya riƙe wani abu a ciki, ya ɗora ƙirjinsa a bakin itacen. Wurin da ya kamata itace ya cike, ya cike shi da jikinsa. Mu kuma muka jingina bayanmu da ƙyauren, mu kamar goma sha biyu, muna tokare ƙafa a ƙasa.

Bugu na gaba na ji ƙashi ya karye. Ban taɓa mantawa ba, irin ƙarar da busasshen kara ke yi ne idan an taka. Yaya ya yi wani irin gurnani, bai saki ba. Na yi ihu na ce ya fito in shiga, ya ce, “Tura!” Aka sake bugawa. Wani ya zuro mashi ta tsagar ya soki cinyar mutumin da ke kusa da ni, ya murɗa ya zare. Sai ga hannu ya shigo, da kambu a damtse, yana laluben sakatar zai ɗaga ta. Na ɗaga gizagon na sauke masa a wuyan hannu. Sau biyu na sara, a na biyu ya rabu, ya faɗo ta cikin gari yatsun na motsi. Mai hannun ya ƙwala ƙara ya cusa fuska a tsagar don azaba, na ba shi na uku a tsakanin ido. Shi ne mutum na farko da na kashe, kuma wallahi a lokacin daɗi na ji.

Mata ne suka cece mu. Tsohon maginin ya yi ta ihu a kawo turame da taɓare, suka mirgino su, yana kafa su a bayan ƙyauren ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da dutse. Wasu suka hau ganuwa da tukwanen kunu da ke kan wuta da kaskon garwashi, suka juye wa masu azarar a ka. Na ji warin gashi yana ƙonewa, na ji azarar ta faɗi ƙasa, suka sake ɗauka, aka sake juye musu. Ban san bugu nawa Yaya ya sha ba. Na ƙirga har tara, sannan na daina, domin a kowanne sai jini ya fito masa ta baki ya zubo a kan itacen.

Da rana ta take suka gaji. Suka kora shanu, suka ɗaure matan da suka kama, su bakwai, suka cinna wa rumbunan waje wuta suka yi kudu. Mu uku muka zaro Yaya daga ramin. Yatsunsa sun ƙanƙame wani guntun azara da ke cikin bangon, sai da muka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Aka kira maɗori. Ya taɓa hannun daga kafaɗa zuwa gwiwa, ya taɓa ƙirjin, ya ce babu abin da zai ɗora, duk ya zama tsaki. Muka kwantar da shi a zauren gidan ƙanwarmu, wadda aka binne mijinta a ranar. Ni kuwa na kasa zama. Na je wurin tsohon da na shaƙe, na durƙusa na ce ya ba ni kara. Ya gwada, ya ƙona baki biyu, ya miƙo mini bai dube ni ba. Na kayar da wata giginya a fadamarsu, ɗanya, ba ta kai waccan ba ko kusa, na jawo ta da tsawonta, na zauna a ƙofar gari na sassaƙe ta da gizago a gaban kowa. Mata suka yi ta wucewa, ba wadda ta ko kalle ni.

Yaya ya kwana shida. Hannun ya kumbura ya yi baƙi, ƙuda ba sa barinsa, ni nake zaune da mafici. Ina ta jira ya ce ai na gaya maka. Na so ya faɗa, in sami abin da zan riƙe. A rana ta biyar ya buɗe ido ya ce, “Itacen ya karye?”

Na ce, “Bai karye ba, Yaya. Ko tsagewa bai yi ba.”

“Na sani. Ka iya zaɓen itace.”

Na fita bayan gida na yi kuka kamar mace mai naƙuda, ina buga kaina da bango.

Ya cika washegari bayan azahar. Aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani. A wajenmu, kafin a haƙa kabari sai an gwada mamaci da kara a kai wa masu haƙa. Tsohon maginin ne ya tashi ya zaro kara a jikin danga, ya shimfiɗa shi daga kan Yaya zuwa dugadugansa, ya karya daidai. Ba a ƙona karan gawa, ba wanda ya taɓa yi. Amma hannun tsohon ya saba, sai ga shi ya nufi murhu, ya sa wannan baki a wuta, ya juya ya sa wancan. Sai da ya miƙe ya ga abin da ya yi. Ya tsaya da shi a hannu, mutane na kallonsa, sannan ya zo ya ba ni.

Ni na kai shi maƙabarta. Da hannu biyu na riƙe shi, a saman kaina, na ratsa ta gaban jakanmu da ke ɗaure a bakin ƙofa. Masu haƙa suka ce babu itacen da za a jera a rufe ramin, kuma ba mai yarda ya shiga daji a kwanakin nan. Na ce akwai. Na koma zauren ƙofar na jawo tsohuwar sakatar, jininsa ya bushe a bakinta, na datsa ta gida biyar, na faskare kowane gida biyu. Muka sa shi, na sauka da kaina na jera su tun daga kai har ƙafa, ɗaya na manne da ɗaya, ba inda ƙasa za ta zuba masa. A wannan karon itacen ya kai.